Ƙaramar Tukunya

A wata unguwa ta birnin Maraɗi, wajen da ke kallon Gulbi, akwai wani gidan laka mai ɗaki huɗu da rumfa ɗaya. Duk wanda ya shiga gidan da la'asar zai tarar da murhu biyu. A kan babban murhu akwai tukunyar da ke ciyar da mutanen gidan. Kusa da shi kuma akwai wani ƙarami, a kansa ƴar tukunya wadda ba ta fi cin ludayi huɗu ba. Baƙo yakan ɗauka ta yara ce, ta wasan girki. Ba ta yara ba ce. Fiye da shekara ashirin ke nan ana ɗora ta kowace rana, kuma dalilin ɗora ta shi ne za a ba da labarinsa a nan.

Matar gidan, tun ranar da aka kawo ta a shekarar 2003 tsofaffin gidan ke kiranta Amarya. Yau tana da ƴaƴa huɗu, babban ya fi ta tsawo, amma sunan bai canza ba. Ta tarar da tsofaffi uku a gidan. Akwai surukinta, wanda kowa ke ce wa Baba. Akwai matarsa, Inna. Akwai kuma yayar Baba, Gwaggo, wadda mijinta ya rasu bai bar ta da ɗa ko ɗaya ba, ta dawo gidan ƙanenta da zama. Gwaggo ba ta gani. Amosanin ido ne ya kama ta tun tana yarinya a ƙauye, gashin idonta ya juya ciki yana gogar ƙwayar idon shekara da shekaru, har ganin ya tafi duka. Da an yi mata ɗan aikin fatar ido da wuri, da ba a kai ga haka ba. A zamaninsu ba wanda ya san da wannan aiki.

Baba direban babbar mota ne. Kayan da jirgin ƙasa ya kawo daga Kwatano zuwa Paraku, su ne ke ɗauko su zuwa Maraɗi. Ya yi sama da shekara ashirin a kan wannan hanya. Kamfanin da yake wa aiki ya rubuta shi a asusun ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, kowane wata ana cire wani abu daga albashinsa, kamfani kuma yana ƙara nasa kaso. Baba ya sha yin gunaguni a kan wannan cirewa. Yakan ce kuɗin da hannu bai taɓa ba, ba kuɗi ba ne. Wata safiya ta shekarar 2004, yana da shekara 55, ya sunkuya zai ɗauki buta sai ya faɗi. Hawan jini ne, bai san yana da shi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganarsa ta yi nauyi.

Bayan wasu watanni wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya, ya tambayi maigidan Amarya ko sun kai takardu. Ba su ma san da wata takarda ba. Mutumin nan ya bayyana musu cewa ma'aikacin da aka rubuta, wanda ya yi shekarun da doka ta tanada yana biya, in ciwo ya ɗauke masa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, yana da haƙƙin karɓar kuɗin naƙasa. Likita ne ke duba shi ya rubuta abin da ya gani. Suka bi hanya, aka duba Baba, aka ba shi ɗan littafi. Daga nan aka shiga biyansa bayan kowane wata uku, kuɗin kuwa kusan jikka 60 ne. Da ya cika shekara 60 aka mayar da shi fanshon tsufa, amma a gidan ba a daina ce masa kuɗin ciwon Baba ba.

Mai karatu zai so ya san abin da jikka 60 ke yi a gida irin wannan. Lissafin ba shi da wuya. Gidan yana cin tiya biyu ta gero kowace rana, tsakanin fura da kunu da tuwo. Buhu ɗaya tiya 40 ne. Wata uku ke nan yana cin buhu huɗu da rabi. A lokacin kaka, in shekara ta yi kyau, kuɗin Baba yakan sayi wannan gero har a sami ɗan canji. Cefane, itace, sabulu, magani da kuɗin lakwal kuwa suna kan maigida, wanda ke ƙaramin fatauci ta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Amma shekarar 2005 ta zo da yunwa bayan fara da ƙarancin ruwa, buhun gero ya haura jikka 25 a kasuwa. Kuɗin da ke sayen buhu biyar ya koma sayen biyu. A wannan shekara ce Amarya ta koyi auna gari da tafin hannu, ta koyi ƙara tafasa da yakuwa a cikin abinci don tukunya ta cika.

Duk da haka gidan yana cikin masu sa'a, kuma mutanen gidan sun sani. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kimanin mutum 4 cikin kowane 100 a Nijar suna da wata naƙasa. Mafi yawansu manoma ne, makiyaya, ƴan tireda da matan aure, waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a littafin albashi ba. Ƙasa ta yi dokar kare naƙasassu a shekarar 1993, wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a 2019. Waɗannan abubuwa suna da amfani ga matashi mai neman karatu ko aiki. Tsohuwa makauniya kamar Gwaggo, wadda ta yi shekara arba'in tana daka da noma a gonar miji, ba ta da ɗan littafin da za ta nuna wa kowa. Ɗaki ɗaya ne tsakaninta da ƙanenta, dukansu ba sa iya ciyar da kansu, ɗaya ana biyansa, ɗaya ba a biyanta.

Ƙaramar tukunya ta samo asali ne daga maganar wata ma'aikaciyar jinya. Ranar da za a sallami Baba daga gidan likita, ta ja Amarya gefe ta tambaye ta, "Ke ce mai girki?" Amarya ta ce ita ce. Matar ta ce mata maganin da za a saya rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun mai girki. Gishirin da babban mutum zai ci a yini ɗaya, daga dukan abincinsa, bai kamata ya kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Dunƙulen ɗanɗano da ake saya a kanti yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma danginsu ɗaya. Amarya ta dawo gida tana tunani, gama ba ta taɓa ganin miyar da aka yi babu waɗannan uku ba.

Kwanakin farko ta yi wa gidan duka miya marar gishiri. Yara suka ƙi ci, maigida ya ci bai ce kome ba, Inna kuwa ta ture akushi ta ce ko a gidan kaso ba a ba mutum wannan. Gwaggo ce ta kawo mafita. Tana zaune a kan tabarma a bakin rumfa ta ce, "Ɗiyata, ki haɗa miyarki yadda kika saba. Kafin ki sa gishiri ki ɗebi ta ƙanena ki zuba a wata tukunya dabam. Ki ƙara mata daddawa da albasa da ɗan busasshen kifi, ki bar ta ta nuna a hankali. Hanci ne ke fara cin abinci kafin baki." Haka aka yi. Aka sayo ƴar tukunya a kasuwa, aka kafa mata duwatsu uku. Baba ya ɗanɗana, ya ɓata fuska, ya sake ɗanɗanawa, sannan ya cinye.

Gishiri ba shi kaɗai ba ne. Mai shanyewar jiki yakan sha wahalar haɗiya, kuma abin da ya fi ƙware shi shi ne ruwa tsararo. In abinci ya bi hanyar numfashi yana iya jawo ciwon huhu. Saboda haka Amarya takan dama masa kunun tsamiya da kauri, fura ma ta dama ta da nono ta tace ta da rariya don kada gudaji ya rage. Tuwonsa takan kwashe shi tun yana da laushi, ta jiƙa shi da miyar kuka ko ta kuɓewa, gama miya mai yauƙi tana taimakon loma ta wuce. Wake takan jiƙa shi tun dare, ta cire ɓawon, ta dafa shi har ya narke ba tare da kanwa ba. Ba a ba shi abinci yana kwance. Sai an tayar da shi zaune, an tokare shi da matashi, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Cin abinci ɗaya yakan ɗauki rabin awa. Sau uku a rana, kwana bakwai a mako.

Akwai aikin da kunya ba ta bari suruka ta yi wa surukinta. Wanka, kai shi bayan gida da canza masa tufafi suna kan ɗansa, in ya yi tafiya kuma sai ƙanensa, daga baya babban jikan ya karɓa. An gaya musu su riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan bayan kowace awa biyu a kwanakin da ba ya iya tashi, don kada gyambo ya fito masa a baya. Sau ɗaya a shekara kuma akan ɗora shi a amalanke a kai shi a yi masa takardar shaidar cewa yana raye, domin kada a ci gaba da biyan wanda ya riga ya mutu. Baba yana son wannan rana. Yakan sa a fito masa da babbar rigarsa, a ɗora masa hula, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannun hagu. In sun dawo yakan ce da nauyin bakinsa, "Gwamnati ta yarda ina nan."

Kuɗin kuwa, in ɗansa ya karɓo, a hannun Baba yake sa shi. Baba ya ƙirga da hannu ɗaya, ya ware na gero, ya tura sauran ƙarƙashin matashi. Daga nan yake ba Inna kuɗin goro, ya ba jikoki dala biyar biyar, ya ba duk baƙon da ya zo dubiya kuɗin mota. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Amarya rai. Tana ganin jikka ɗaya ta fita zuwa hannun wani ɗan'uwa mai ƙafa biyu da hannu biyu, alhali ita tana tsinto kara a bakin hanya don itace ya ƙare. Sau da yawa ta yi wa maigida magana da dare. Shi kuwa yakan ce, "Ki yi haƙuri. Mota ta tafi, ƙafa ta tafi, baki ya tafi. Kyautar nan ita kaɗai ta rage masa da zai san shi ne mai gidan nan." Amarya takan yi shiru. Ta gane maganar, amma ganewa ba ta hura wuta.

Ana nan sai tsufa ya fara taɓa tunanin Inna. Haƙoranta sun riga sun zube, saboda haka ita ma ta koma cin tuwo mai laushi da fate. Sai ta fara mantuwa. Takan ci abinci ta wanke hannu, bayan ɗan lokaci ta tambayi yaushe za a ba ta nata. Wata rana ta fita ƙofar gida ta gaya wa maƙwabta cewa kwana biyu ke nan matar ɗanta ba ta ba ta ko ruwa ba. Magana ta zaga unguwa. A bakin famfo mata suka riƙa yin shiru in Amarya ta iso. Wata ma ta ce tsohuwar da ke fita da dare tana magana ita kaɗai, a bincika ko ba mayya ba ce. Cikin dukan wahalar shekarun nan, wannan ce ta sa Amarya kuka. Gajiya ba ta sa ta kuka ba, yunwa ma ba ta sa ta ba. Amma a ce ta hana tsohuwa abinci, ita da ke tashi tun asuba ta dama mata kunu, wannan ya yi mata ciwo ƙwarai.

Likita ya bayyana musu cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa waɗansu tsofaffi, ba mugunta ba ce, ba maita ba ce, gardama kuma ba ta maganinsa. Amarya ta daina cewa, "Ai kun ci, Inna." Ta raba abincin Inna kashi biyar ƙanana maimakon uku manya. In ta ce ba a ba ta ba, sai ta amsa, "To Inna, ga shi nan tafe," ta kawo mata ludayi ɗaya na fura. Ta kuma fara ba ta abinci a zaure, ƙofa a buɗe, inda duk mai wucewa zai gani. Ba ta je gidan kowa ta kare kanta ba. A hankali maganar ta mutu.

Jarrabawa mafi girma ta zo a shekarar 2020. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020, ga kuma annobar korona a tsakani. Fataucin maigida ya tsaya. Ɗan jarin da yake da shi aka cinye shi. Yaran da suka kai shekara biyar sun fita daga tsarin maganin kyauta da gwamnati ta kafa wa ƙananan yara a 2006, tsofaffi kuwa ba su taɓa shiga cikinsa ba. Maganin hawan jinin Baba ba a fasa shi ko na kwana ɗaya. Gidan ya koma cin abinci sau biyu, daga baya ɗumamen safe ma ya zama na yara da tsofaffi kaɗai.

A cikin wannan hali wata mata daga ƙauyensu ta zo ta kwana biyu a gidan. Tana sanye da atamfa mai tsada. A dare na biyu ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce tana kai mutane manyan birane na bakin teku, inda makauniya mai ƴar jagora ke samun abin da ɗan kasuwa ba ya samu a mako. Ita za ta biya kuɗin mota da na masauki, abin da aka samu a raba. Gwaggo take so, tare da ɗiyar Amarya ta biyu, yarinya ƴar shekara 11 wadda ke aji biyar a lakwal. Wata shida kawai, in ji ta, su dawo da abin sayen gero na shekara.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar. Kowa ya ji labarin mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, bayan motocinsu sun lalace. Amarya ta san wannan labari. Amma a daren nan ta kwanta tana lissafi. Baki biyu za su ragu a gida. Kuɗi kuma zai shigo. Bakin teku ba hamada ba ne. Yarinya za ta iya komawa lakwal baɗi. Kafin zakara ya yi cara, a cikin zuciyarta ta riga ta yarda. Daga baya ba ta ɓoye wannan ba. Takan ce duk wanda bai taɓa karkaɗe buhu ya ga ƙura kaɗai ba, kada ya yi saurin cewa shi ba zai yi ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne Gwaggo da kanta ta ce za ta tafi. Da safe ta kira Amarya ta ce, "Ɗiyata, ki bar ni in je. Shekara nawa ina ci ba na kawowa? Ƙanena yana da littafinsa. Ni bakina kaɗai na kawo gidan nan." Ta faɗi haka ba tare da kuka ba, kamar mai faɗin farashin kaya. A lokacin ne Amarya ta gane cewa duk shekarun da take ƙirga tiya, tsohuwar nan ma tana ƙirgawa, tana jin ƙarar kowane ludayi da aka zuba mata.

Baba yana ɗaki yana jinsu. Ya buga sandarsa a ƙasa har aka shigo. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin magana ta fito. Ya ce yayarsa ta goya shi a bayanta lokacin da uwarsu ke gona, kuma muddin yana numfashi ba za ta miƙa hannu a bakin titi ba. Sannan ya sa hannun hagu ƙarƙashin matashi, ya jawo ɗan littafin da sauran kuɗin da ke wurin, ya miƙa wa Amarya. Ba ɗansa ya ba ba. Ya ce, "Ke ke dafawa. Ke za ki riƙe." Amarya ta durƙusa ta ce, "Baba, ku bar shi a wurinku." Ya girgiza kai. Tun daga ranar bai sake ba baƙo kuɗin mota ba. Mutanen gidan sun san abin da wannan ya ci masa.

Baƙuwa ta tafi ita kaɗai. Kuɗin da ke ƙarƙashin matashi bai kai jikka tara ba, bai kuma warware matsalar gidan ba. Amarya ta ɗauki jikka uku ta sayo ganyen zogala daga masu kawowa daga lambunan Jiratawa, da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Ta ajiye dami a gaban Gwaggo ta ce, "Gwaggo, ni ba ni da lokacin tsinke wannan. In ba ku taimake ni ba, ba zan iya ba." Gaskiya ta faɗa. Gwaggo ta sa hannu. Yatsunta sun fi idon kowa ganin tsinke da tsakuwa. Kafin hantsi ta cika ƙwarya biyu. Amarya ta dafa, ta matse, ta yi kwaɗo, ta ajiye a ƙofar gida da faifai a kai. Ribar ranar farko dala 60 ce. Ba ta sayen tiya ɗaya, amma ta sayi itace.

Sana'ar ba ta mai da su masu kuɗi ba. Sun ƙara wata biyar suna cin abinci sau biyu, maigida kuma ya sayar da babur ɗinsa. Amma yarinya ba ta bar lakwal ba. Gwaggo ta ƙara da ɓarar gyaɗa da tsintar wake, har maƙwabta suka fara kawo mata nasu suna biyanta. Ranar da ta fara ɗaura dala ashirin a bakin zanenta, ta kira ƙaramin jikan gidan ta aike shi ya sayo wa ƙanenta busasshen kifi na miya. A watan Maris na 2022, da rediyo ya ba da labarin an kwaso ƴan Nijar sama da dubu ɗaya masu bara daga Dakar an dawo da su gida, yawancinsu mata da yara, Gwaggo tana tsinkar zogala. Ba ta ce kome ba. Amarya ma ba ta ce kome ba.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 an sake rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kaya suka yi tsada, magani ya yi wuyar samu na wasu watanni. Baba ya ƙara rauni. Cikin zafin watan Afrilu na 2024 ya daina karɓar tuwo, sai kunu cokali biyu ko uku. Amarya ta riƙa jiƙa zane tana ba ɗansa yana shafa masa. Wata asuba, kafin a ɗora ƙaramar tukunya, ya cika. Yana da shekara 75, ashirin daga cikinsu a kan tabarma, kuma ko sau ɗaya gyambo bai fito masa ba.

Wani abu guda ya taimaki gidan bayan rasuwarsa. Tsohon abokin aikin nan da ya fara nuna musu hanya ya taɓa faɗa musu cewa matar mai fansho tana da haƙƙin rabin kuɗin mijinta in ya rasu, amma sai an nuna takardar aure. Baba da Inna sun yi aure a ƙauye, babu wanda ya rubuta kome. Tun Baba yana da rai maigida ya nemi dattawa biyu da suka halarci auren, aka je kotu aka yi takardar da ke tsayawa a madadinta. Da an jira har bayan mutuwa, da wuya a sami shaidun, gama ɗaya daga cikinsu ya riga Baba tafiya. Yanzu rabin kuɗin yana zuwa da sunan Inna, wadda ba ta ma san ana biyanta ba. Wani lokaci takan tambayi ko direban ya dawo daga Paraku. Amarya takan ce, "Hanya da nisa, Inna. Ku sha furarku."

Gidaje irin wannan suna da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da kowane gari da mai karatu ya sani. Muna yawan cewa mu ba ma kai tsofaffinmu gidan ajiya kamar yadda ake yi a Turai, kuma gaskiya ne. Amma in an ce dangi ne ke riƙe da tsoho, sau da yawa mace ɗaya ce ke riƙe da shi, wadda ba ta zuwa biki, ba ta barci ya ishe ta, ba a kuma rubuta sunanta a kowane littafi. Wanda ya je dubiya irin wannan gida, ya gai da marar lafiya, ya kuma tuna da mai tsaye a bakin murhu. Dami ɗaya na itace ya fi doguwar gaisuwa amfani. Zama na awa biyu kusa da tsoho, don ta samu ta je kasuwa ko ta runtsa, ya fi shawara. Wanda ke da iyaye masu aikin albashi kuma ya duba takardunsu tun suna da ƙarfi.

Bayan kwanakin makoki maigida ya ce a wanke ƙaramar tukunya a ajiye. Amarya ta wanke ta, ta kife ta a kan rumfa. Kwana uku bayan haka aka auna jinin maigida a gidan likita, aka ce masa shi ma ya fara hawa. Da la'asar ta sauko da ita ta mayar a kan duwatsunta. Gwaggo ta ji ƙarar murfin daga inda take zaune, ta ce, "Ɗiyata, kada ki manta da daddawa."